Shaidar Masana da Hujjar Taɓin Hankali a Gaban Kotu

Gabatarwa

Duk wata shari'ar kisan kai, a kowace ƙasa ake yin ta, tambayoyi biyu take ƙoƙarin amsawa. Ta farko ita ce, wa ya aikata? Ta biyu kuwa, da wane irin hankali ya aikata? Alƙali dai ba ya nan lokacin da abin ya faru, kuma ba shi da tagar da zai leƙa zuciyar wanda ake tuhuma. Saboda haka akan kira masa masana. A kan tambayar farko akan kira masu kimiyyar binciken laifi, wato masu auna jini da gashi da zanen yatsu da gawa. A kan ta biyu kuma akan kira likitocin ƙwaƙwalwa.

Mai karatu zai iya cewa, to ina ruwan ɗalibin harshe da wannan? Ruwansa ya yi tsaki kuwa. Jini ba ya magana, gashi kuma ba ya rantsuwa. Abin da ke shiga kunnen kotu shi ne jimlar da masanin ya gina a kansu, kuma a cikin shari'o'in da zan kawo, sau da yawa kalma ɗaya ce ta raba ɗaurin rai da rai da komawa gida. Bugu da ƙari, sashe na 36 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ba wanda ake tuhuma 'yancin samun tafinta kyauta idan ba ya jin harshen da ake shari'a da shi. Wasu daga cikinmu su ne za su tsaya a wannan matsayi wata rana.

Shari'o'in nan a Ostireliya da Ingila da Amurka aka yi su. A can, a manyan laifuffuka, akan zaɓo mutane goma sha biyu daga cikin jama'ar gari su saurari shaidu, su ne ke cewa an yi laifi ko ba a yi ba. Ana kiran su juri. Ba masana ba ne, don haka maganar wanda ya zo da digiri da farar riga tana yi musu nauyi ƙwarai.

Jinin da ba jini ba

Ranar 17 ga Agusta, 1980, Lindy Chamberlain da mijinta Michael, wanda fasto ne, suna yawon shaƙatawa da 'ya'yansu a gindin babban dutsen nan na Uluru a tsakiyar Ostireliya. Da dare Lindy ta kwantar da jaririyarta Azaria, 'yar mako 9, a cikin tanti. Can sai aka ji ta tana ihu cewa dingo ya ɗauke mata jaririya. Dingo wani karen daji ne na ƙasar. Aka bazama nema, ba a ga gawa ba, sai bayan mako guda aka tsinci kayan jikin yarinyar da jini. Binciken farko da aka kammala a 1981 ya gaskata uwar. Amma jama'a ba su gaskata ta ba. Aka ce ba ta yi kuka yadda ya kamata ba. Aka ce ɗariƙarsu ta addini baƙuwa ce. Har ma aka baza ji-ta-ji-ta cewa sunan Azaria yana nufin hadaya a cikin daji, alhali sunan na Ibrananci ne, ma'anarsa Allah ya taimaka. Kun ga tun kafin a shiga kotu an fara cutar matar da fassarar ƙarya.

A shari'ar da aka yi a garin Darwin a 1982, masu gabatar da ƙara suka ce Lindy ta yanka jaririyar da almakashi a kujerar gaba ta motarsu cikin 'yan mintoci, ta ɓoye gawar a jakar kyamara, ta dawo cikin mutane kamar ba ta yi komai ba. Babu gawa, babu wanda ya gani, babu dalilin da zai sa ta yi. Akwai ma shaidar da ta ce ta ji kukan jaririyar bayan Lindy ta dawo daga tantin. Abin da ya rinjayi duk wannan shi ne kimiyya. Wata mai binciken jini, Joy Kuhl, ta ce ta sami jini a wurare da yawa cikin motar, kuma jinin yana ɗauke da irin sinadarin da ake samu a jinin jarirai 'yan ƙasa da wata shida. Aka nuna wani feshi a ƙarƙashin gaban motar aka ce tsartuwar jini ce daga jijiyar wuya. Wani farfesa da aka ɗauko daga Landan, James Cameron, ya ce ya ga shatin hannun mutum da jini a rigar yarinyar. Ranar 29 ga Oktoba, 1982, aka yanke wa Lindy ɗaurin rai da rai, tana da tsohon ciki.

Tun farko ta dage cewa jaririyar tana sanye da wata 'yar rigar sanyi a saman kayanta, masu ƙara suka ce ƙirƙira ta yi. A farkon 1986 wani Bature mai yawon buɗe ido ya faɗo daga dutsen ya mutu. Garin neman sassan jikinsa sai aka tsinci rigar nan kusa da ramukan dingo. Aka saki Lindy a watan Fabrairu, aka kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Mai Shari'a Trevor Morling, wanda ya ba da rahoto a 1987. Feshin da aka ce jinin wuya ne, ashe wani sinadari ne da kamfani ke fesa wa motoci don rage ƙara, kuma an sami irinsa a wasu motoci masu irin wannan ƙira. Shatin hannun nan, jar ƙasar wurin ce. Gwajin farko da ake yi don gane jini kuma yana iya amsawa idan ya haɗu da ƙurar jan ƙarfe, ga shi iyalin a Mount Isa suke zaune, garin da ake haƙar jan ƙarfe. An soke hukuncin a 1988, amma sai a ranar 12 ga Yuni, 2012, hukuma ta rubuta a takarda cewa dingo ne ya kashe Azaria. Shekara 32 ke nan bayan ihun uwar.

Abin lura a nan shi ne, gwajin nan na farko iyakar abin da yake cewa shi ne "mai yiwuwa jini ne, a ƙara bincike". Kafin maganar ta isa kunnen juri ta zama "jini ne", daga nan ta zama "jinin jaririya ne".

Ɗaya cikin miliyan 73

Sally Clark lauya ce a Ingila. Ɗanta na fari ya mutu farat ɗaya a Disambar 1996 yana da mako 11. Na biyu ya mutu a Janairun 1998 yana da mako 8. Aka tuhume ta da kashe su. A shari'ar 1999, wani mashahurin likitan yara, Farfesa Roy Meadow, ya gaya wa juri cewa a gida irin nata, mai wadata, wanda ba a shan taba, yiwuwar jariri ya mutu haka kawai cikin barci ita ce 1 cikin 8,543. Yiwuwar hakan ta faru sau biyu kuwa, sai ya ninka 8,543 sau 8,543, ya sami kusan miliyan 73. Aka ɗaure ta.

Kuskure biyu ne a cikin wannan lissafi, kuma ba sai mutum ya karanta lissafi a jami'a zai gane su ba. Ana ninka lambobi haka ne idan abubuwa biyun ba su da wata alaƙa da juna, kamar a jefa kwabo sau biyu. 'Ya'yan ciki ɗaya kuwa jininsu ɗaya, ɗakinsu ɗaya, don haka abin da ya kashe na farko, ko na gado ne ko na muhalli, yana iya jiran na biyu. Kuskure na biyu na harshe ne. Jimlar "da wuya yara biyu su mutu haka" daban take da jimlar "da wuya a ce matar nan ba ta da laifi", amma kunne yana jin su kamar abu ɗaya. Uwa ta kashe jariranta biyu a jere, shi ma ai abu ne da ba safai yake faruwa ba. Aikin kotu shi ne ta auna abubuwa biyu masu wuyar faruwa ta ga wanne ya fi kusa, amma ɗaya kaɗai aka sa wa lamba. A 2001 ƙungiyar masana ƙididdiga ta Birtaniya ta fito fili ta ce lambar ba ta da tushe. Daga baya aka gano cewa likitan da ya binciki gawar yaro na biyu, Alan Williams, yana da sakamakon gwajin da ya nuna ƙwayoyin cuta a jikin yaron, har cikin ruwan lakarsa, amma bai bayyana wa kowa ba. Aka saki Sally Clark a Janairun 2003. Ba ta sake komawa daidai ba, ta rasu a 2007 tana da shekara 42.

Kama da wane

A Amurka kuwa, shekara da shekaru ma'aikatan hukumar bincike ta FBI suna sa gashi biyu a ƙarƙashin madubin likita, ɗaya daga wurin da aka yi laifi, ɗaya daga kan wanda ake zargi, sannan su je kotu su ce sun dace. Bahaushe ya riga ya gama magana a kan wannan: kama da wane ba ta wane. Madubi yana iya nuna cewa gashi biyu sun yi kama, amma babu wanda ya taɓa ƙirga mutum nawa ne ke da gashi mai irin wannan kama. A 2015 hukumar da kanta ta amsa cewa cikin shari'o'i 268 da aka sake dubawa, inda ma'aikatanta suka ba da shaidar gashi a kan wanda ake tuhuma, an sami maganganun da suka wuce abin da kimiyya ta yarda da shi a 257. Daga cikin waɗanda abin ya shafa har da waɗanda aka riga aka zartar wa hukuncin kisa. Wani mai suna Santae Tribble ya shafe kusan shekara 28 a kurkuku saboda gashin da aka samu a wata safa da aka rufe fuska da ita wajen kashe direban tasi a Washintan a 1978. Da aka yi gwajin ƙwayoyin gado na DNA, cikin gashi 13 babu nasa ko ɗaya, kuma ɗaya daga ciki na kare ne.

Tafintan da ya ji masani ya ce abu "bai saɓa da" na wanda ake tuhuma ba, ya juya ya ce wa mutum "an ce naka ne", ya ƙara wa shaidar nauyin da mai ita bai ɗora mata ba. Tsakanin "yana iya zama", da "ya yi kama", da "shi ne" akwai tazarar da rai ke iya faɗawa ciki.

Wane ne mahaukaci a idon doka?

Yanzu sai tambaya ta biyu. A Hausa muna da kalmomi da yawa: hauka, taɓin hankali, motsi, zautuwa, gigita, wauta, dolanci. Kowace da inda ta dosa. Likita ma yana da nasa rabe-raben. Doka kuwa ba ta bi ta kan ko ɗaya daga ciki ba, ta yanka wa kanta wata 'yar ƙaramar ƙofa, kuma asalin ƙofar a Landan yake.

Ranar 20 ga Janairu, 1843, wani masassaƙi daga Glasgow mai suna Daniel M'Naghten ya harbi Edward Drummond a baya a kan titi. Drummond sakataren Firayim Minista Robert Peel ne, kuma an fi ɗauka cewa Peel ɗin aka nufa. Ya mutu bayan kwana biyar. Wani likitan soja na zamanin ma ya wallafa ƙasida yana zargin cewa tsaga da zubar da jinin da likitoci suka yi ta yi masa ne suka ƙarasa shi, tun da da ƙafarsa ya bar wurin da aka harbe shi. M'Naghten ya daɗe yana imanin cewa 'yan jam'iyyar da ke mulki suna bin sa duk inda ya sa ƙafa, suna neman ransa. Likitoci suka yi ta ba da shaida cewa ruɗin ƙwaƙwalwa ne, masu gabatar da ƙara ba su kawo likitan da zai musa ba, juri suka ce ba shi da laifi saboda taɓin hankali.

Gari ya ɗauka. Sarauniya Biktoriya, wadda ita ma wani saurayi mai suna Edward Oxford ya taɓa harbi a 1840 aka ce mahaukaci ne, ba ta ji daɗi ba. Majalisar Dattawan Birtaniya ta tara manyan alƙalai ta yi musu tambayoyi, amsoshinsu ne suka zama ƙa'idojin M'Naghten. Taƙaitawarsu ita ce: ana ɗaukar kowa mai hankali ne har sai an tabbatar da akasin haka, kuma wanda zai kuɓuta sai ya nuna cewa a daidai lokacin da ya yi aikin, ciwon ƙwaƙwalwa ya lalata masa tunani har bai san abin da yake yi ba, ko kuwa ya san abin da yake yi amma bai san cewa ba daidai ba ne. Masana da yawa suna ganin da an auna M'Naghten da ma'aunin da ke ɗauke da sunansa, da an rataye shi, domin ya san bindiga ce a hannunsa, ya san mutum yake harbi.

Dukan nauyin ƙa'idar yana kan kalmomin Ingilishi guda biyu, "know" da "wrong". Ta biyun ce ta fi wahalar da alƙalai. A gwada fassara ta zuwa Hausa a gani: kuskure ne, ko laifi, ko zunubi, ko abin da bai kamata ba? Kowace aka ɗauka, wani zai kuɓuta wani ya halaka. A 1952 wata kotun ɗaukaka ƙara a Ingila ta saurari shari'ar wani mai suna Windle, wanda ya ɗura wa matarsa ƙwayoyin asfirin har ta mutu. Da ya miƙa kansa ga 'yan sanda ya ce yana jin rataye shi za a yi. Kotu ta ce wannan jimla ta isa, ya san doka ta hana, kuma kalmar ba ta nufin komai sai saɓa wa doka. A cikin wannan shekara dai, babbar kotun Ostireliya, a shari'ar Stapleton, ta ƙi bin wannan fassara, ta ce abin dubawa shi ne ko mutum yana iya gane cewa aikinsa mugu ne a ma'aunin mutane masu hankali. Harshe ɗaya, kalma ɗaya, shekara ɗaya, ma'ana biyu.

Wannan gardama ta iso mu ta hanyar mulkin mallaka. Kundin Final Kod na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, an ɗauko shi daga na Sudan, shi kuma daga na Indiya na 1860. Sashensa na 51 ya bi sawun M'Naghten, sai dai ya ambaci abu biyun duka, wato rashin sanin cewa aikin mugu ne ko kuwa ya saɓa wa doka. Kundin Kiriminal Kod da Kudu ta gada ya fi faɗi, domin sashensa na 28 ya ƙara ƙofa ta uku: wanda ciwo ya raba shi da ikon kame kansa. Ke nan mutum yana iya sanin abin da yake yi, ya san haramun ne, amma ciwon ya fi ƙarfinsa. Ni a ganina wannan ya fi kusa da abin da likitoci ke gani a asibiti, ko da yake ya fi wuyar tabbatarwa, don babu na'urar da ke bambanta wanda ya kasa kame kansa da wanda ya ƙi.

Jama'a dai ko'ina suna zargin wannan hujja. Mu ma mukan ce tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Amma wani bincike da aka buga a Amurka a 1991, wanda ya duba jihohi takwas, ya nuna cewa kusan kashi 1 cikin 100 na manyan shari'o'i ne ake kawo hujjar a cikinsu, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na waɗannan ne ke yin nasara. Wanda ya yi nasarar ma ba gida yake tafiya ba. M'Naghten a tsare ya mutu a 1865, bayan shekara 22 a gidajen masu taɓin hankali. John Hinckley, wanda ya harbi Shugaba Ronald Reagan a ranar 30 ga Maris, 1981, juri suka wanke shi a 1982, bai bar asibiti ba sai a 2016. Hukuncinsa ya fusata Amurkawa kamar yadda na M'Naghten ya fusata mutanen Ingila. Majalisar ƙasar ta ƙuntata dokar a 1984, jihohi da dama suka yi haka. Jihar Tekzas ta cire ƙofar kasa kame kai a 1983, ta bar tambaya ɗaya tak: shin ya san abin da ya yi ba daidai ba ne? Ɗaya daga cikin likitocin da suka ba da shaida a ɓangaren gwamnati a shari'ar Hinckley shi ne Park Dietz. A riƙe wannan suna.

Inda matsalolin biyu suka haɗu

Andrea Yates tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce a birnin Houston na jihar Tekzas. Bayan haihuwarta ta huɗu a 1999 ta kamu da matsanancin taɓin hankali irin wanda kan sami mai jego, ta yi yunƙurin kashe kanta sau biyu, aka kwantar da ita. Likitarta ta gargaɗe su da mijinta cewa wata haihuwar za ta dawo da ciwon. A Nuwambar 2000 ta haifi ta biyar. A Maris na 2001 mahaifinta ya rasu, ciwon ya dawo, aka kwantar da ita sau biyu, sannan a farkon Yuni aka dakatar da maganin da ke danne mata ruɗin. Ranar 20 ga Yuni, 2001, bayan mijinta ya tafi aiki, kafin surukarta ta iso, ta nutsar da 'ya'yanta biyar ɗaya bayan ɗaya a bahon wanka. Babban yana da shekara 7, ƙaramar wata 6. Sannan ta kira 'yan sanda, ta kira mijinta.

A nan babu gardama a kan wanda ya aikata. Babu kuma wanda ya musa cewa tana da ciwo, har masu gabatar da ƙara. Ta gaya wa likitoci cewa Shaiɗan yana cikinta, cewa ta lalata tarbiyyar yaran, idan suka girma wuta za su shiga, amma idan suka mutu da ƙuruciya za su tsira, ita kuma hukuma ta kashe ta, Shaiɗan ya mutu tare da ita. Tambayar Tekzas dai ɗaya ce: ta san ba daidai ba ne?

A shari'ar 2002, masana ƙwaƙwalwa biyar suka ce ba ta iya bambancewa ba, ko kuwa ta ɗauka abin da take yi shi ne daidai. Mutum ɗaya ne ya ce ta sani, shi ne Park Dietz. Hujjarsa ita ce ta jira sai da mijinta ya fita, ta ɓoye niyyarta, ta kira 'yan sanda, kuma da bakinta ta ce tunanin daga Shaiɗan yake. Wanda ya jingina abu ga Shaiɗan kuwa ya san mugu ne. Da lauyanta yake yi masa tambayoyi, sai maganar wani wasan talabijin mai suna Law & Order ta taso, wanda Andrea ke kallo, shi kuma Dietz yana ba masu shirya shi shawara. Dietz ya ce ai an nuna wani kashi na wasan jim kaɗan kafin abin ya faru, inda wata mai jego ta nutsar da 'ya'yanta a baho, kotu ta wanke ta saboda taɓin hankali. Masu gabatar da ƙara suka kama wannan. A jawabinsu na ƙarshe suka nuna wa juri cewa matar ta ga mafita a talabijin ne ta bi. Ranar 12 ga Maris, 2002, cikin ƙasa da awa huɗu, juri suka same ta da laifi.

Babu wannan kashi na wasan. Ba a taɓa yin sa ba. Wata marubuciya mai suna Suzanne O'Malley, wadda ta taɓa rubuta wa shirin labari kuma take ɗauko rahoton shari'ar, ita ce ta bincika ta gano. Dietz ya ce ruɗewa ya yi, ya cakuɗa wasu labarai a kansa. An sanar da juri kafin su yanke irin horon da za a yi mata, suka ƙi hukuncin kisa suka zaɓi ɗaurin rai da rai, amma alƙaliyar ta ƙi soke shari'ar. Sai a ranar 6 ga Janairu, 2005, kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin. Ba ta ce masu gabatar da ƙara sun san maganar ba gaskiya ba ce. Ta ce tun da Dietz kaɗai ne masanin da ya ce matar ta sani, shaidarsa tana iya zama abin da ya karkata juri. Aka sake shari'a da doka iri ɗaya, da laifi iri ɗaya, da mace ɗaya. Ranar 26 ga Yuli, 2006, sabbin juri suka ce ba ta da laifi saboda taɓin hankali, aka kai ta asibitin gwamnati mai tsaro.

Ni abin da ya fi tsaya mini a rai ba labarin talabijin ɗin ba ne, domin wannan kuskure ne da aka iya kamawa, aka je aka duba aka ga babu. Hujjar Shaiɗan ce ta fi damuna, don ita ba a rushe ta ba. An ɗauki kalma daga cikin ruɗin mara lafiya, an auna ta da ma'anar da take da ita a bakin mai lafiya. Matar da ta yi imani cewa tana ceton 'ya'yanta daga wuta ta san 'yan sanda za su zo, har ma tana jiran su, domin zuwansu yana cikin ruɗin. To wannan sani ne, ko wani abu ne daban da Ingilishi da Hausa duka suka rasa wa suna?

A watan Mayu na 2003, a wannan jiha ta Tekzas, wata mata mai suna Deanna Laney ta kashe 'ya'yanta maza biyu da dutse, ta yi wa na uku mummunan rauni, sannan ita ma ta kira 'yan sanda. Ta ce Allah ne ya umarce ta. A shari'arta a 2004 masu gabatar da ƙara suka sake ɗauko Park Dietz. Wannan karon ya ce matar ba ta san abin da ta yi ba daidai ba ne, tun da a ganinta umarnin Ubangiji take bi. Dukan masanan da suka duba ta suka yi ittifaƙi a kan haka, juri suka wanke ta tun a zaman farko, a daidai lokacin da Andrea Yates ke cikin shekararta ta uku ta ɗaurin rai da rai. A 2007 aka mayar da Andrea asibitin gwamnati na garin Kerrville. Daga wannan asibiti ne aka sallami Deanna Laney a 2012.